TABON DA DOGUWAR NAƘUDA KE BARI

Akwai wata magana da na daɗe ina so in kawo gaban jama'a a wannan fili, amma kunya tana hana ni, domin magana ce ta cikin ɗaki. Yau dai na ga babu makawa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka ina roƙon masu karatu, musamman dattawanmu, su gafarce ni in sun ji na ambaci waɗansu gaɓoɓi da sunansu. Malaman fiƙihu ma da sunansu su ke kiransu a babin tsarki, ba kuwa wanda ya ce sun yi rashin ladabi.

Aikina shi ne duba makarantu da koyar da masu shirin zama malamai. Wata shekara ina rangadi na sauka a wata makarantar ƙauye, na karɓi rajistar aji shida ina dubawa. Sai na ga an ja layi a kan sunan wata yarinya wadda a zuwana na baya ta fi kowa iya lissafi. A gefen sunan an rubuta kalma ɗaya tak: Aure. Na sa hannu a ƙasan shafi na wuce, ban ce kome ba.

Bayan shekara biyu hanya ta sake bi da ni garin, na tambayi hedimasta labarinta. Ya ce ta yi kwana uku a kan gwiwa a gidan iyayenta, ran na huɗu aka sami mota aka kai ta asibiti, aka ciro ɗa ba rai. Da aka yi mako guda sai fitsari ya soma zuba ba tsayawa. Daga baya aka kai ta inda a ke ɗinki, aka yi mata aiki, fitsarin ya tsaya. Na ce, "Alhamdu lillahi, ashe ta warke." Ya girgiza kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, yoyo kam ya tsaya, amma aure bai zaunu ba. Likita ya ce tabo ya cinye hanyar." A lokacin nan shekarunta ba su wuce 16 ba.

Tun daga ran nan na shiga tambayar likitoci da ungozomomin asibiti, ina karanta abin da aka rubuta. Abin da na fahimta shi ne wannan: kowa ya san yoyon fitsari, domin warinsa ba ya ɓoyuwa, amma kaɗan ne suka san tabon da ke tare da shi. Likita yana iya ɗinke rami. Naman da ya mutu ya zama tabo kuwa, ba mai iya mayar da shi yadda Allah ya halicce shi.

YADDA ABIN KE FARUWA

Jariri yana fitowa ne ta cikin wani zobe na ƙashi, watau ƙashin ƙugun uwa. In zoben ya wadata, kan ɗa ya wuce lafiya. In kuwa zoben ya yi ƙanƙanta, ko kan ya yi girma, ko ɗan ya zo a gicciye, sai ya cije. Ita mahaifa ba ta san ya cije ba. Aikinta turawa ne, sai ta yi ta turawa, dare da rana. Tsakanin kan ɗa da ƙashin uwa kuwa akwai nama mai taushi. Ta gaba akwai mafitsara da hanyar fitsari, a tsakiya akwai bangon farji, ta baya kuma akwai ƙarshen hanji wanda ke kaiwa ga dubura. Wannan nama shi ke shan matsi, kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa da ɗansa.

Kowa ya taɓa ɗaure yatsansa da zare yana yaro ya san abin da ke biyo baya. Cikin ɗan lokaci yatsan ya yi baƙi ya yi sanyi, domin jini ya daina isa gare shi. In an kwance da wuri ya dawo daidai. Da za a bar shi kwana biyu, da yatsan ya mutu. To, haka naman nan na cikin mace ya ke mutuwa in naƙuda ta yi tsawo. Shi ma jaririn ba ya jure wa wannan wahala: a cikin matan da suka sami irin wannan rauni, kusan tara cikin goma gawa su ke haifa.

Naman da ya mutu ba ya faɗuwa nan take. Sai bayan kwana 3 zuwa 10 ya ruɓe ya zube, ya bar rami. In ramin ta gaba ne, fitsari ya riƙa bi ta farji. In ta baya ne, bayan gida ya riƙa bi. Wata ma duka biyun ke samunta. Wannan jinkiri shi ke ruɗa mutanen gida, su ce ai lafiya ta sauka, daga baya ne aka yi mata sammu ko iska ta taɓa ta. Alhali kuwa ɓarnar ta auku tun tana kan gwiwa.

MENE NE TABO?

Allah ya halicci jiki da dabarar rufe rauninsa, amma abin da ya ke rufewa da shi dabam ya ke da naman farko. Tabo yana da tauri, jini kaɗan ke ratsa shi, ba ya miƙewa, kuma yana ƙara tsukewa yayin da watanni ke wucewa. Duk mun taɓa ganin yaron da ya faɗa murhu yana ƙarami. Ƙunar ta warke sarai, amma yatsu sun manne da juna, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Irin wannan ne ke faruwa a cikin jikin mace, a wurin da ido ba ya gani, kuma a gaɓar da aka halitta musamman domin ta buɗe ta koma.

Ga abin da ya ke jawowa. Da farko hanyar takan ƙuntace ta gajarce, wani lokaci har yatsa ɗaya ba ya shiga, wani lokaci ta toshe ɗungum. Saduwa da miji ta zama azaba, ko ta gagara baki ɗaya. Na biyu, bakin mahaifa yakan lalace ko ya liƙe. In ya liƙe alhali mahaifa tana aikinta, jinin haila ya rasa mafita ya taru a ciki, mace ta riƙa murƙususu kowane wata ba a ga jini ba. Waɗansu kuma hailar ce ke ɗaukewa gaba ɗaya. Na uku, da yawa ba su ƙara samun ciki, ga shi kuwa ɗan fari ya riga ya tafi. Wadda ta samu kuma tana cikin haɗari, gama tabo ba ya buɗe wa ɗa hanya, sai dai ya yage. Na huɗu, in tabo ya kama hanyar fitsari, sai ta sandare ta kasa matsewa, har ya zama ko an ɗinke ramin fitsari yana ci gaba da ɗiga.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafa ta cikin ƙugu su ke bi, su ma suna shan matsi, shi ya sa za ka ga wata tana jan ƙafa bayan haihuwa. Fitsari yana cin fatar cinya ya bar gyambo. Ita kuma don ta rage zuba sai ta rage shan ruwa, fitsarin ya yi kauri, warin ya ƙaru, har tsakuwa ta fito a mafitsara. Saboda haka ne a 1996 waɗansu likitoci uku, Arrowsmith da Hamlin da Wall, suka yi rubutu suna jan hankalin 'yan'uwansu cewa a daina duban abin kamar rami ɗaya da za a toshe, a dube shi a kan tarin raunuka ne da doguwar naƙuda ta bari a jikin mutum guda.

ASKA DA MAGANIN CUSAWA

Akwai tabon da mu da kanmu mu ke ƙarawa a kan na naƙuda. In haihuwa ta yi gardama, a waɗansu wurare akan ce gishiri ne ya tare hanya, a kira tsohuwa ko wanzami a sa aska a tsaga bangon farji ta gaba. Mai yankan ba ya ganin abin da ya ke yanka, mafitsara da hanyar fitsari kuwa suna manne a bayan wurin. Abin da ya tare ɗa ƙashi ne, aska kuwa nama ta ke yanka. Ɗa yana nan inda ya ke, an ƙara wa uwa zubar jini da rami da tabo.

Haka kuma cusa abubuwa masu ƙuna, kamar kanwa ko gishiri ko haɗe-haɗen sassaƙe, da sunan wanke ciki ko mayar da mace kamar budurwa. Waɗannan suna ƙona fatar ciki, in ta zo warkewa sai bango ya manne da bango. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce likitoci sun ba da labarin mata a waɗansu ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha waɗanda hanyarsu ta toshe saboda al'adar cusa dunƙulen gishiri bayan haihuwa. A kudancin ƙasar nan ma an sha ganin irinsa daga magungunan cusawa na gargajiya.

Gaskiya kuma ta sa in faɗi cewa asibiti ma yana da nasa. Fiɗar da wanda bai ƙware ba ya yi tana iya huda mafitsara. Wannan bai zama dalilin gudun asibiti ba. Dalili ne na neman asibitin da ke da ƙwararru, da isa can tun nama bai ruɓe ba.

BA YAU AKA FARA BA

Kada wani ya zaci ciwon namu ne mu kaɗai. A Masar an tono gawar wata matar sarki mai suna Henhenit, wadda ta rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Wani masanin gaɓoɓin jiki a Alƙahira, Derry, ya duba ta ya tarar ƙugunta matsattse ne, ga kuma rami tsakanin mafitsara da farji. Ya buga bayaninsa a 1935. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci yadda wahalar haihuwa ke yaga mafitsara a littafinsa na likitanci, Alƙanun. Matan Turai da Amurka sun sha fama da shi har cikin ƙarni na 19.

A Amurka ne wani likita, Marion Sims, ya gano hanyar ɗinkin da ke riƙewa, da zaren azurfa, a garin Montgomery tsakanin 1845 da 1849. Sai dai labarin yana da ɗaci. A kan bayi mata baƙar fata ya yi gwajinsa, ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunan uku daga cikinsu ya wanzu: Anarcha da Betsey da Lucy. Ita Anarcha sau 30 aka yanka ta kafin ɗinki ya kama. A 2018 hukumar birnin New York ta cire gunkinsa daga inda ya ke tsaye saboda wannan. Abin lura a nan shi ne, ɗinkin Sims bai kawar da ciwon daga ƙasashen nan ba. Abin da ya kawar da shi shi ne ungozoma mai horo kusa da kowace mace, da hanya mai kyau, da asibitin da zai yi fiɗa a ciro ɗa a kan lokaci.

A nahiyarmu, Likita Reginald Hamlin da matarsa Likita Catherine sun taso daga Ostareliya suka sauka Addis Ababa ta ƙasar Habasha a 1959, suka buɗe asibiti na masu wannan ciwo kaɗai a 1974. Catherine ta zauna can har ta rasu a 2020 tana da shekara 96. Ɗaya daga cikin marasa lafiyarsu, Mamitu Gashe, wadda aka kawo ta tana yarinya da mummunan rauni, ta tsaya tana taimakonsu har ta zama gwanar ɗinkin da likitoci ke zuwa koyo a wurinta, ko da ya ke ba ta yi makaranta ba. A 2003 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗaura yaƙi da ciwon, kuma tun 2013 ana tunawa da shi kowace ran 23 ga Mayu. A da ana ƙiyasin mata miliyan 2 ke ɗauke da shi a duniya. Ƙiyasin Majalisar na baya-bayan nan ya ce kimanin 500,000 ne, galibinsu a Afirka da kudancin Asiya.

ABIN DA ZARIYA TA KOYA MANA

Nijeriya tana cikin ƙasashen da abin ya fi yawa, Arewa kuma ta fi kudu. Likita Tahzib ya bi bayanin mata 1,443 da aka gani da wannan ciwo a asibitin koyarwa na Zariya daga 1969 zuwa 1980. Ya tarar kimanin 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kimanin 13 cikin 100 kuma yankan gishiri.

Akwai wani bincike kuma da ya kamata kowane malamin makaranta ya sani. Farfesa Kelsey Harrison na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya tarar mutuwa da rauni sun fi auka wa matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su, kuma mafi yawan waɗannan ba su taɓa shiga aji ba. Matan da suka yi makaranta kuwa, haɗarinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Ya kuma lura cewa 'yan mata ƙanana masu ciki suna ƙara tsawo a cikin watannin cikin in an ba su maganin zazzaɓin sauro da na ƙarin jini. Ma'anar wannan ita ce yarinyar ba ta gama girma ba aka ɗora mata ɗaukar wani. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da faɗaɗa shekaru bayan fara haila, kuma yarinyar da yunwa da ciwo suka tsumburar tun tana ƙarama, zobenta ba ya kai yadda ya kamata.

Amma kada a ce ciwon amare ne kaɗai. Uwar 'ya'ya biyar ko shida ma yana samunta, in ɗan ya fi na baya girma ko ya kwanta ba daidai ba. Ita ma har ta fi shiga haɗarin fashewar mahaifa, domin kowa ya saki jiki ya ce ai ta saba.

Wajen magani an yi ƙoƙari. Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo Babbar Ruga ta Katsina a 1983 domin aikin kuturta, ya ga yawan matan nan, ya juya ga ɗinki, ya yi wa dubbai aiki ya kuma horar da likitocinmu masu yawa. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya, tare da ta Ningi a Jihar Bauci da ta Abakaliki a Jihar Ebonyi. Ana yin aikin a sashen Laure na Asibitin Murtala a Kano, da Jan Kwano a Jos, da Jahun a Jigawa, da Sakkwato. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin yi wa masu ciwon aiki kyauta ta hannun hukumar inshorar lafiya, ta kuma yi shelar fiɗa kyauta ga mata matalauta da haihuwa ta zo musu da gardama.

IYAKAR ABIN DA LIKITA KE IYAWA

Tela ya san bambancin riga da ƙusa ta yaga da wadda wuta ta ci. Ta farko, bakin yagewar lafiyayye ne, a haɗa a ɗinke. Ta biyu, kewayen ramin ya ƙone ya bushe, in ka sa allura zare ya ɓalle da ƙyallen. Haka likitan ɗinki ya ke duba mace. In ramin ƙarami ne kuma naman gefensa yana da taushi, takwas ko tara cikin goma suna rufewa a hannun gwani. In tabo ya yi yawa, aiki ya yi wuya, kuma ko ramin ya rufe ba lalle fitsari ya tsaya ba. Shi ya sa yawan tabo yana cikin abubuwan farko da likita ke aunawa kafin ya ce wa mace ga abin da za ta sa rai da shi.

Aikin farko shi ne mafi sa'a. Duk ɗinkin da ya warware sabon tabo ya ke ƙarawa, na biyu ya fi na farko wuya, na uku ya fi na biyu. Don haka kai mace wurin wanda bai ƙware ba don ya gwada hannunsa zalunci ne.

Inda hanya ta ƙuntace, likita yakan tsaga tabon ya saki wurin, ya ɗebo kitse ko fata daga gefen gaba ko matsematsi ya shimfiɗa. Dabarar ɗebo kitsen nan wani Bajamushe, Martius, ya bayyana ta tun 1928. Bayan haka mace ta yi watanni tana sa wani abu mai santsi da a ke ba ta don kada wurin ya sake tsukewa. Waɗansu suna samun sauƙi har su koma ɗakinsu su haihu. Waɗansu kuwa ɓarnar ta wuce gyara, sai dai a karkatar da fitsarin ta wata hanya.

Akwai albishir guda da ya kamata a yaɗa. In mace ta sha doguwar naƙuda, ko aka ga fitsari ya fara zuba, aka kai ta asibiti cikin kwanakin farko, akan sa mata robar fitsari ta zauna makonni tana shan ruwa da yawa. Mafitsara ta huta, ƙananan ramuka da dama su rufe da kansu ba a sa wuƙa ba. Wadda aka ɓoye a ɗaki har aka gama wankan jego ta rasa wannan dama. Wadda aka yi wa ɗinki kuma, wajibi ne miji ya ƙaurace mata wata 3 zuwa 6 yadda likita ya ce, kuma duk cikin da ta samu nan gaba a asibiti za ta haihu, ta hanyar fiɗa.

INA LOKACIN KE TAFIYA?

Tun da ya ke tsawon lokaci ne ke kashe naman, sai mu tambaya, ina kwana ukun nan ke tafiya? A 1994 waɗansu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun kasa jinkirin kashi uku: jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun taimako bayan an isa asibiti.

Na farko shi ne namu. Yarinya mai cikin fari an koya mata kunya, ba ta faɗin ciki, ba ta kuka, sai ta kwana tana naƙuda ba wanda ya sani. Da aka sani, tsofaffi su ce a yi haƙuri, haihuwar fari ta gaji haka. A kawo rubutu, a kawo jiƙo. Da aka ga abin ya faskara, sai a ce mai gida ya tafi cin rani, ba wanda zai ba da izini. Ban hana addu'a ba, amma ana iya yinta a cikin mota. Na biyu, ga damina ta yanke hanya, ga mai mota ya tsawwala kuɗi don ya ga dare ne. Na uku, a isa asibiti a tarar ba likita, ko ba jini, ko ba wuta.

Ƙa'idar da za a riƙe mai sauƙi ce, ko wanda bai yi karatu ba zai iya riƙe ta. In naƙuda ta kankama da asuba har magariba ba a sauka ba, ko ta kankama da magariba har asuba, watau sa'a 12, to, zaman gida ya ƙare. In kuwa an ga jini, ko jijjiga, ko hannun ɗa ko cibiya ta riga fitowa, ba a jiran ko sa'a ɗaya. Mai cikin fari, da gajeriyar mace, da wadda aka taɓa yi wa fiɗa, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, su tun farko a asibiti ya kamata naƙuda ta same su.

RABONMU A CIKI

Ya 'yan'uwana malamai, a ƙauye ku ne masu karanta wa mutane takarda, ku a ke tambaya shawara. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro, mace da namiji, shekara 9 a makaranta kyauta, Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 kuma ta sa shekara 18 ce iyakar ƙuruciya. Kowace shekara da yarinya ta ƙara a aji, ƙashinta yana ƙara faɗi, hankalinta yana ƙara buɗewa, bakinta yana ƙara iya cewa a kai ni asibiti. In uba ya zo cire 'yarsa, ku zauna da shi cikin ladabi, ku tafi da liman ko dagaci in ya kama, ku gaya masa abin da kuka karanta a nan. In auren ba ya fasuwa, a roƙi a jinkirta tarewa, ko a ɗauki alkawarin zuwa awo. A darasin kiwon lafiya kuma kada ku ware 'yan mata ku bar maza suna ƙwallo. Yaran nan maza su ne mazajen gobe, izini a bakinsu zai kasance.

Ku kuma akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi, takardar da ta kwana a teburinku wata uku, wataƙila ta gyaran kwalbatin da ke raba ƙauye da asibiti ce, ko ta man motar ɗaukar marasa lafiya, ko ta albashin ungozomar da ta gaji ta koma birni. Ku dube ta da wannan ido. Ku taimaki masu unguwa su kafa asusun gaggawa, a san motar da za a tasa da dare tun kafin daren ya zo. A waɗansu jihohin Arewa an yi irin wannan shiri da ƙungiyar direbobi, ya kuwa yi amfani. Duk magidancin da zai yi tafiya ya bar mace da ciki, ya bar izini a fili gaban shaidu, ya bar kuɗin mota. Wanda ke da lafiya kuma ya ba da jini in an nema.

Waɗanda abin ya riga ya sama, ku neme su, gama ba su fitowa da kansu. Ku gaya wa danginsu ciwon nan rauni ne kamar karaya, ba alhaki ba ne, ba kuwa shaidar wani laifi da ta yi ba ce, kuma ana maganinsa. Da yawa sun bar salla don suna zaton ba su da tsarki, alhali littattafanmu na fiƙihu sun yi sauƙi ga mai yoyon fitsarin da ba ya yankewa. A tambayi malamai su yi musu bayani. Miji kuma ya tuna a wajen haifa masa ɗa ta sami raunin. Sakinta a wannan hali ba aikin mutumin kirki ba ne.

Har yau in na buɗe rajista na ga an ja layi a kan sunan yarinya, sai in tuna da waccan mai lissafi, in tuna kuma ni ne na sa hannu a ƙasan shafin ban tambayi kome ba. Yanzu ina tambaya, ina kuma gaya wa ɗalibaina na kwaleji su riƙa tambaya in sun kama aiki: shekarunta nawa, wa aka ba, ina asibitin da ya fi kusa da gidan da za a kai ta? In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.